Kwamfutar da ke tsayawa a baƙin sikirin wata rana, wata rana kuma ta tashi lafiya

“Assalamu alaikum, Malam. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai katin hoto biyu, na Intel da na NVIDIA. Akwai Windows 10 a kanta, na kuma ɗora Ubuntu 22.04 a gefe saboda karatu. Tun da na cire tsohon faifan ajiya na sa SSD, kusan duk kunnawa huɗu sai ɗaya ta maƙale: tambarin Ubuntu zai fito ya wuce, sai sikirin ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci da ɗan gajeren layi yana ƙiftawa a kusurwar sama ta hagu. Fanka tana juyawa, amma wurin sa kalmar sirri ba ya fitowa. Idan na danne maɓallin wuta na kashe ta na sake kunnawa, yawanci sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Wani mai gyara ya ce sikirin ne ya fara mutuwa, wani kuma ya ce in yi fomatin. Wanne zan bi?”

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu tukuna. Abin da ka bayyana shi ne kwamfutar da ke wuce matakan farko na tashi lafiya, sannan ta gaza a daidai gaɓar da ya kamata allon shiga ya bayyana, kuma ba kullum take gazawa ba. Wannan “ba kullum ba” shi ne mafi muhimmancin bayani a tambayarka. Fayil ɗin da ya lalace ko saitin da aka yi ba daidai ba yana kawo gazawa iri ɗaya a kowace kunnawa, don haka idan na'ura ta tashi sau uku ta ƙi a na huɗu, akwai wani abu da ke sauyawa tsakanin kunnawa da kunnawa, kuma duk aikinmu shi ne mu gano wannan abin. Fomatin ba ya gano shi, hasali ma yana share rajistar da za ta nuna mana shi, wato bayanan da kwamfuta ke rubutawa game da abin da ya faru a kowace kunnawa, sannan sau da yawa matsalar takan dawo bayan an gama ɗora komai daga farko.

Game da sikirin kuwa, ka riga ka ba da shaidar da ke wanke shi. Idan tambarin Ubuntu yana fitowa sarai, kuma kana ganin ɗan layin nan yana ƙiftawa, to gilashin yana aiki, fitilar bayansa tana ci, wayar da ke kai masa hoto kuma tana isar da saƙo a wannan lokacin. Sikirin da ya mutu ba ya zaɓen abin da zai nuna.

Abin da ke faruwa tsakanin maɓallin wuta da allon shiga

Lokacin da ka danna maɓallin wuta, manhajar da ke cikin bod ɗin kwamfutar, wato UEFI ko tsohuwar BIOS, ita ce ke fara kunna sikirin da wani sassauƙan tsari na wucin gadi. Daga nan GRUB, manhajar da ke ba ka zaɓi tsakanin Windows da Ubuntu, ya ɗauko ƙwayar Linux, wadda masu sana'a ke kira kernel, tare da wani ƙaramin ƙunshi mai suna initramfs da ke ɗauke da direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta, waɗanda ake buƙata tun kafin a buɗe faifan ajiya. Bayan haka sai systemd, mai kula da tashin tsarin, wanda Ubuntu ta koma kansa tun fitowar 15.04, ya shiga tayar da sauran hidimomi. A cikinsu akwai GDM, manhajar da ke zana allon shiga, wadda ita kuma take dogara da Wayland ko Xorg, tsare-tsare biyu na kai hoto kan sikirin, su kuma suna dogara da direban katin hoto: i915 ga Intel, sai nvidia ko nouveau ga NVIDIA.

Abin lura shi ne systemd ba ya jera hidimomin nan ɗaya bayan ɗaya, yana sakin da yawa a lokaci guda domin a yi sauri. A kan tsohon faifai mai juyawa, komai yana tafiya a hankali, har direban hoto ya gama shiri kafin a zo kan GDM. Da ka sa SSD, ragowar tsarin ya ƙara sauri matuƙa, amma lokacin da katin hoto ke ɗauka kafin ya farka bai ragu sosai ba, domin wannan ya danganta da katin ne da direbansa. Sai ya zama wata rana direba ya riga isowa da ɗan ƙanƙanin lokaci, komai ya tafi daidai, wata rana kuma GDM ya riga malam masallaci, ya nemi katin da bai gama shiri ba, ya faɗi ko ya tsaya yana jira. A kwamfuta mai kati biyu abin ya fi tsanani, saboda lambobin da ake ba katunan a cikin /dev/dri, wato card0 da card1, suna iya musanyawa daga kunnawa zuwa kunnawa gwargwadon wanda ya fara amsawa. Wannan tseren shi ne zargina na farko a lamarinka, kuma yadda matsalar ta fara daidai da sauya faifai yana ƙarfafa zargin. Sai dai zargi ba hujja ba ne, don haka sai a gwada.

Gwajin farko, a daidai lokacin da ta maƙale

Ranar da ta sake yi maka haka, kada ka taɓa maɓallin wuta. Ka fara danna Caps Lock ka duba ko ɗan haskensa yana kunnuwa yana mutuwa. Idan yana amsawa, alama ce mai kyau cewa tsarin yana raye a bayan baƙin sikirin. Idan kuwa ka ga hasken yana ƙiftawa da kansa ba tare da ka taɓa ba, ƙwayar Linux ce ta faɗi gaba ɗaya, wannan kuma wani babi ne. Daga nan ka danna Ctrl da Alt da F3 tare, a wasu kwamfutocin sai ka haɗa da Fn. Idan rubutu fari ya fito yana neman sunanka da kalmar sirri, ka shiga, sannan ka rubuta sudo systemctl restart display-manager.

Sakamakon wannan umarni guda ɗaya yana raba hanya biyu. Idan allon shiga ya fito nan take, to katin hoto lafiyarsa ƙalau, direba ma lafiyarsa ƙalau, abin da ya faru kawai shi ne an kira su kafin su shirya, yanzu da suka shirya kuma sun amsa. A wurina wannan ya kusa zama tabbaci cewa tsere ne. Idan kuwa aka sake komawa baƙin sikirin, ko allon rubutun ma ya ƙi fitowa, to direban ne ya gaza ɗaukuwa ko ya maƙale a wannan kunnawar, sai a koma rajista a ga dalili.

Ina roƙonka ka rage kashe ta da danne maɓalli. Kowace irin wannan kashewa tana iya barin fayil a rabin rubutu, kuma takan hana layukan ƙarshe na rajista sauka a faifai, alhali su ne muka fi buƙata. Idan allon rubutu ya buɗe, sudo reboot ya wadatar. Idan bai buɗe ba, ka riƙe Alt da SysRq, wanda a yawancin kwamfutoci yake tare da PrtSc, ka danna S, ka ɗan jira, ka danna U, ka ɗan jira, sannan B. Na farko yana sauke abin da ke ƙwaƙwalwa zuwa faifai, na biyu yana kulle faifan daga rubutu, na uku yana sake kunnawa, kuma Ubuntu ta bar waɗannan ukun a buɗe tun asali.

Karanta rajista ta hanyar kwatanta kunnawa biyu

Kuskuren da na fi gani wurin masu koyo shi ne su buɗe rajistar kunnawar da ta gaza, su ga jan layi na farko, su ɗauka sun kama ɓarawo. Kusan kowace kwamfutar tafi-da-gidanka tana fitar da ƙorafe-ƙorafen ACPI, tsarin sarrafa wutar kwamfuta, da na Bluetooth a kowace kunnawa, har da waɗanda suka tafi lafiya. Layin da ke da amfani shi ne wanda yake cikin kunnawar da ta gaza amma babu shi a wadda ta yi nasara, ko kuma wanda ya sauya matsayi a jeri.

Umarnin journalctl --list-boots zai jero maka kunnawar baya da lokutansu, inda 0 ke nufin ta yanzu, -1 wadda ta gabace ta, haka har baya. Idan ka ga guda ɗaya tak, rajistar ba ta ajiyuwa, sai ka ƙirƙiri jakar /var/log/journal ka sake kunnawa. Sannan ka rubuta journalctl -b -1 -o short-monotonic | grep -iE "drm|i915|nvidia|gdm|display manager", ka maimaita da lambar wata kunnawa mai kyau. Wannan tsari yana sa daƙiƙoƙin da suka wuce tun tashi a farkon kowane layi. Ka nemi layin da ke cewa Initialized i915, da na Initialized nvidia-drm, da wanda ke cewa Started GNOME Display Manager, ka rubuta lokutan ukun a takarda. Na sha zama da mai kwamfuta muna duban shafi biyu gefe da gefe, a na farko layin direba yana sama da na GDM, a na biyu ya koma ƙasansa da abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma wannan ɗan bambancin shi ne dukan ciwon da ya hana mutum barci. Idan tsarinka yana kan Xorg, ka duba /var/log/Xorg.0.log ko ~/.local/share/xorg/Xorg.0.log, ka nemi layukan da ke ɗauke da alamar kuskure ta EE, musamman mai cewa no screens found.

Kafin ka bar allon rubutu, ka rubuta df -h domin ka ga wurin da ya rage a faifai. Faifan da ya cika maƙil yana hana GDM rubuta ƙananan fayilolinsa, kuma yana iya yin haka yau ya bari gobe idan wani abu ya ɗan share wuri. Mai raba SSD ɗaya tsakanin Windows da Ubuntu yakan ba Ubuntu ɗan ƙaramin yanki, don haka wannan ba abin rainawa ba ne.

Idan tsere ne, ga magani

Akwai gwaji mai sauƙi da ke tabbatar da zargin kafin a taɓa wani abu mai nauyi. Ka rubuta sudo systemctl edit gdm, a wurin da aka tanada ka sa layin [Service], a ƙarƙashinsa kuma ExecStartPre=/bin/sleep 5. Ma'anarsa GDM ya dakata daƙiƙa 5 kafin ya fara. Idan matsalar ta ɗauke, an tabbatar da cutar. Wasu sukan bar shi haka har abada, kuma ba laifi ba ne ga wanda aiki ya sha masa kai, amma ni ban ɗauke shi magani ba, domin jinkiri ne aka yi da ka, kuma sabuntawa ta gaba tana iya sauya lissafin.

Maganin da ya fi inganci shi ne a sa direbobin hoto cikin initramfs domin su ɗauku tun kafin systemd ya fara rabon aiki. Ka fara duba abin da ke ciki da lsinitramfs /boot/initrd.img-$(uname -r) | grep -E "i915|nvidia". Abin da babu, ka ƙara sunansa a fayil ɗin /etc/initramfs-tools/modules, kowane suna a layinsa: i915 da farko, sannan nvidia, nvidia_modeset, nvidia_uvm da nvidia_drm idan direban kamfanin NVIDIA kake amfani da shi. Ka rufe da sudo update-initramfs -u. Haka kuma ka duba sudo cat /sys/module/nvidia_drm/parameters/modeset. Idan ya nuna N, ka ƙara nvidia-drm.modeset=1 a layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT na fayil ɗin /etc/default/grub, ka bi shi da sudo update-grub. Sharaɗi ɗaya ne a nan: duk lokacin da aka sabunta direban NVIDIA, dole initramfs ya sabunta tare da shi, in ba haka ba tsohon direba zai ɗauku ya ci karo da sababbin fayiloli, sai ka ga API mismatch a rajista. Masu Linux Mint, wadda ke amfani da LightDM, suna da gajeriyar hanya: su sa logind-check-graphical=true a sashen [LightDM] na /etc/lightdm/lightdm.conf, wanda ke umartar allon shiga ya jira har katin ya shirya.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kanka: kana buƙatar katin NVIDIA a Ubuntu kuwa? Idan karatunka rubutu ne da intanet da koyon rubuta manhaja, sudo prime-select intel zai bar kwamfutar a kan Intel kaɗai, ya cire ɗaya daga cikin masu tseren, ya rage zafi, batir kuma ya ƙara daɗewa. Ranar da ka buƙaci katin, sudo prime-select on-demand zai dawo da shi. Ga ɗalibi da yawa wannan ce shawarar da nake fara bayarwa.

Za ka ga ana yawan ba da shawarar nomodeset, wata kalma da ake ƙarawa a layin tashi na GRUB. Yana da amfani a matsayin gwaji: a allon GRUB ka danna e, ka goge quiet splash domin ka ga rubutun tashi da idonka, ka sa nomodeset, ka danna F10. Amma kada ka mayar da shi na dindindin, domin yana hana direban Intel aiki ne gaba ɗaya, sai hoto ya yi nauyi, rage haske ya daina aiki, sikirin na waje ma ya ƙi fitowa. Gwajin da ya fi shi ma'ana a 22.04 shi ne cire alamar # daga layin WaylandEnable=false a /etc/gdm3/custom.conf, domin a ga ko matsalar ta tsaya a Wayland ne kaɗai.

Hannun Windows a cikin lamarin

Tun Windows 8 a 2012 akwai tsarin Fast Startup, wanda ke sa kashewa ta zama rabin barci: Windows yana ajiye halin da ƙwayarsa da direbobinsa suke ciki domin ya tashi da sauri. Wannan yakan bar wasu na'urorin cikin kwamfuta a yanayin da Linux bai zata ba. Ka lura ko baƙin sikirin ya fi zuwa a kunnawar da ta biyo bayan amfani da Windows. Ko da ba haka ba ne, mai tsari biyu a kwamfuta ɗaya ya kamata ya kashe shi, ta Control Panel a sashen Power Options, ko ta rubuta powercfg /h off a allon umarni na mai gudanarwa, wanda ke kashe shi tare da dogon barcin Windows.

Haka nan ka duba dkms status, mai nuna ko direba ya ginu a kan ƙwayar Linux, da mokutil --sb-state, mai nuna ko Secure Boot, tsaron UEFI da ke hana ɗaukar manhajar da ba ta da amintaccen sa hannu, yana kunne. Idan an sabunta ƙwayar Linux amma direban NVIDIA bai ginu a kanta ba, ko Secure Boot ya ƙi amincewa da sa hannunsa, tsohuwar ƙwaya za ta tashi lafiya, sabuwa ta ƙi. Wannan gazawa ce mai tsari, amma takan yi kama da ta ganin dama ga wanda bai lura da wacce ya zaɓa a GRUB ba.

Inda za a koma zargin ƙarfe

Duk da na wanke sikirinka bisa abin da ka faɗa, akwai alamun da za su sa in sauya magana. Idan wata rana ko tambarin kamfanin da ya ƙera kwamfutar bai fito ba, ko Windows ma ya fara yin haka, to matsalar ta riga Linux. A nan sai ka haska tocilar waya a jikin gilashin daga gefe cikin ɗaki mai duhu. Idan ka hango hoto dishi-dishi, fitilar baya ce ko layin wutarta. Ka haɗa talabijin ta HDMI. Idan hoto ya fito a can, katin yana aiki. Ka buɗe murfin a hankali kana rufewa. Idan hoto yana zuwa yana ɗaukewa a wani kusurwa, wayar fileks ce da ke ratsa gaɓar murfi ta fara karyewa, kuma canza ta ya fi canza sikirin araha nesa ba kusa ba. Kwamfutocin Dell da yawa suna da gwajin kansu: a riƙe D a danna maɓallin wuta, sikirin ya riƙa nuna launuka ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya bi ta kan Windows ko Linux ba.

RAM ma abin dubawa ne, musamman da yake an buɗe kwamfutar lokacin sa SSD. Katin Intel ba shi da ƙwaƙwalwar kansa, daga RAM yake ɗiba, don haka RAM da bai zauna daram ba yana iya bayyana a matsayin matsalar hoto. Na taɓa buɗe wata bayan hunturu na tarar ƙura ta yi kauri a bakin fanka kamar auduga, ramin RAM ɗin ma ya yi fari. Da aka share aka mayar da shi har ƙugiyoyin gefe biyu suka kama, ba ta sake maƙalewa ba. Ka bar memtest86+, manhajar gwada RAM, ya zagaya aƙalla sau ɗaya cikakke. Ka kuma lura ko gazawar ta fi zuwa a kan batir, ko a kan caja, ko lokacin da ake kan janareto, domin cajar da ba ta kai ƙarfin da kwamfuta mai katin NVIDIA ke nema ba tana iya kawo rikici a daidai lokacin da katin ke farkawa.

Idan wani ya ce zai gasa guntun katin hoton da ke kan bod da iska mai zafi, ka yi hattara. Dabarar ta yaɗu ne tun matsalar 2008, lokacin da dalmar wasu guntayen GeForce 8400M da 8600M ta riƙa tsagewa saboda zafi da sanyi. Takan farfaɗo da na'ura na ɗan lokaci, ba ta warkarwa, kuma ba ta da wurin zama a kwamfutar da ke nuna tambari lafiya.

Yadda za ka san ta warke

A nan ne aka fi yaudaruwa. Matsalar da ke zuwa sau ɗaya cikin huɗu tana iya ɓuya sau biyar a jere ba tare da an gyara komai ba, kuma yiwuwar hakan ta kai kusan kashi 24 cikin 100. A kunnawa 10 tana sauka zuwa ƙasa da kashi 6, a kunnawa 20 kuma zuwa kusan 3 cikin 1000. Saboda haka ka sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, ka rubuta abin da ka sauya, sannan ka gwada har sau 20, kana cakuɗa kashewa gaba ɗaya da sake kunnawa, kan batir da kan caja, bayan Windows da bayan Ubuntu. Idan ka sauya abu uku a tare ta warke, ba za ka san wanne ya yi aiki ba, ranar da ta dawo kuma sai ka fara daga tushe.

Ni ban riƙe kwamfutarka a hannu ba, kuma daga nesa iyakata in jera zargi bisa ƙarfinsa: tsere tsakanin GDM da direba a gaba, sai Fast Startup da direban da bai ginu ba, sai RAM da caja, sikirin kuma a can ƙarshe. Ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri kafin ka taɓa GRUB ko initramfs. Idan ka yi gwajin Ctrl da Alt da F3, ka turo mini abin da ya biyo bayan sake tayar da allon shiga, da sakamakon lspci -k a layukan VGA da 3D, da kuma lokutan nan uku daga kunnawa mai kyau da marar kyau, sai mu ga mataki na gaba.